Sana'a da ciwon dajin ƙoda: abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani

Idan mutum ya je asibiti, likita kan tambaye shi shekarunsa, da inda ke yi masa ciwo, da ko yana shan taba. Akwai tambaya guda da sau da yawa ba a yi, shi ma maras lafiya ba ya ganin dalilin kawo ta: wace sana'a kake yi, kuma me hannunka ke taɓawa tun safe har yamma? A maganar ciwon dajin ƙoda, wannan tambaya tana da nauyi. Bakanike da ke wanke hannu da fetur, mai walda da ke sunkuye cikin hayaƙi, ɗan ruwa-ruwa da ke zuƙo mai da baki, manomi da ke feshi ba takalmi, duk suna da abin da ya kamata su faɗa wa likita.

Tun farko mu ajiye magana a wurinta, kada wani ya ji tsoro ya ajiye kayan aiki. Ba sunan sana'a ke kawo ciwo ba. Abin da mutum ke shaƙa, ko haɗiya, ko barin fatarsa ta sha cikin sana'ar, shekara da shekaru, shi ke ƙara haɗari. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i ba za su taɓa kamuwa da wannan ciwo ba. Amma haɗarin da ake iya ragewa da sabulu da iska da sanin sunan abin da ke cikin gwangwani, bai kamata a bar shi ba.

Me ya sa ƙoda?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinsu tace jini. A cikin kowace ƙoda akwai ƴan ƙananan matatai kimanin miliyan guda, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta nan yake bi. A rana ɗaya ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kusan lita 180, wato bido tara masu cin lita 20. Kusan duka suna maida shi cikin jini, sai lita ɗaya da rabi ko biyu da ke fita a fitsari tare da dattin jiki.

To a nan maganar take. Duk gubar da ta shiga jini, ko ta hanci ko ta baki ko ta fata, sai ta biyo ta wannan rariya. Kuma da yake ƙoda tana janye ruwa ta bar datti, gubar takan yi kauri a cikin ƴan bututunta fiye da yadda take a jini. Wasu sinadarai ma sai sun iso ƙoda suke rikiɗewa su koma guba mai ƙarfi. Idan aka yi shekaru ana haka, ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe cikin bututun nan suna iya lalacewa, wata ta fara hayayyafa ba tsayawa, ta zama ƙari. Wannan shi ne ciwon dajin ƙoda, wanda wasu ke kira kansa ko sankarar ƙoda. Kimanin tara cikin goma na ciwon dajin ƙoda a jikin manya daga waɗannan bututu yake farawa.

A shekarar 2022, ƙididdigar duniya ta nuna fiye da mutum 430,000 sun kamu da shi, fiye da 150,000 kuma sun rasu. Maza sun kusa ninka mata wajen kamuwa, kuma an fi gano shi tsakanin shekara 60 da 70. Akwai wani iri daban da ke kama yara ƙanana, galibi ƴan ƙasa da shekara biyar, inda uwa kan ji ƙullutu a cikin yaro wajen wanka. Wannan ba ruwansa da sana'a, amma shi ma gaggawar kai yaro asibiti yake so, don yana warkewa idan an kama shi da wuri.

Yadda masana ke rarrabe abin da ya tabbata da abin da ake zargi

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana da wata cibiya a birnin Liyon na Faransa, wadda aka kafa a 1965, ana kiranta CIRC. Aikinta tara masana su duba duk binciken da aka yi a kan wani sinadari ko wani aiki, sannan su yanke ko yana sa ciwon daji, kuma a wane sashe na jiki. Game da ƙoda, cibiyar ta kasa abubuwa gida biyu. Na farko, waɗanda hujja ta cika a kansu: shan taba, da hasken nukiliya da na hoton ƙashi idan ya yi yawa, da wani ruwan wanke ƙarfe da za mu yi bayaninsa yanzu. Na biyu, waɗanda aka ga alama mai ƙarfi amma hujjar ba ta kai ta yanke hukunci ba. Za mu bi su a haka, don kada mu haɗa zargi da tabbas.

Game da hoton ƙashi, maganar ta shafi wanda ke aiki da na'urar kullum ba tare da kariya ba. Wanda likita ya tura ya ɗauki hoto sau ɗaya ko biyu, kada ya ƙi saboda wannan.

Wanda ya tabbata: ruwan wanke ƙarfe

A jikin gwangwani za ku ga an rubuta trichloréthylène, ko kuma TCE a taƙaice. Ma'aikata a ƙasashe masu Faransanci suna ce masa tirikulo. Ruwa ne garau kamar na sha, mai ƙamshi zaƙi-zaƙi, yana narkar da maiƙo nan take, yana bushewa da sauri, ba ya kama wuta da sauƙi. Shi ya sa aka daɗe ana amfani da shi wajen wanke kayan inji kafin fenti ko walda, da cire tabo a gidajen wankin tufafi na zamani, da cikin wasu nau'o'in gam da ruwan goge birki.

Wani kamfanin kwali a Jamus ya taimaka wajen tona asirinsa. Tsakanin 1956 da 1975 ma'aikatan wurin sun yi ta wanke injuna da shi, har da daɓe da tufafi da hannuwansu. Rahoton da aka fitar a 1995 ya nuna cikin ma'aikata 169 da suka yi aiki da ruwan, biyar sun kamu da ciwon dajin ƙoda, alhali cikin abokan aikinsu 190 da ba su taɓa shi ba, ba a sami ko ɗaya ba. Bayan haka an yi bincike da dama a Turai da Amurka, kuma a 2012 cibiyar CIRC ta sa tirikulo cikin jerin abubuwan da tabbas suna sa ciwon dajin ƙoda. Idan aka haɗa binciken duka, wanda ya yi aiki da shi haɗarinsa ya ɗara na sauran mutane da kimanin kashi 30 cikin 100, wanda kuma ya sha shi da yawa na tsawon shekaru, nasa ya fi haka.

Ba sai mai aiki da hannu kaɗai yake samu ba. A wani barikin soja mai suna Camp Lejeune a Amurka, wannan ruwa da danginsa sun tsiyaya cikin rijiyoyin sha daga 1953 zuwa 1987, kuma yau gwamnatin ƙasar ta amince da ciwon dajin ƙoda cikin cututtukan da take biyan tsofaffin sojojin wurin diyya a kai. A watan Disamba na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana amfani da shi. Abin lura gare mu shi ne, kayan da aka hana a wata ƙasa ba sa ɓacewa daga duniya rana ɗaya, kuma a kasuwanninmu ana sayar da ruwan wanke ƙarfe da na tsinka fenti cikin kwalbar da ba ta da suna. Idan kana aiki da ruwa mai irin wannan ƙamshi, kuma kana jin jiri ko kanka ya yi nauyi kamar mai maye, ka nemi asalin gwangwanin a karanta maka.

Waɗanda ake zargi

Fetur. A watan Maris na 2025 cibiyar CIRC ta yanke cewa man fetur na mota yana sa ciwon dajin mafitsara da wani nau'in ciwon dajin jini, ta kuma sa ƙoda cikin sassan da ake da alama amma hujja ba ta cika ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Daga Ƙonni zuwa Maradi zuwa Damagaram, dubban matasa na cin abinci da sayar da isansi a kwalba bakin hanya. Wasu suna zuƙo shi da tiyo a baki, wasu suna kwana ɗaki ɗaya da bidoji. A gareji kuwa, yaron da ke koyon aiki shi ake ba kwanon fetur ya wanke kayan inji da hannu tsirara, in an tashi kuma da shi zai goge baƙin mai kafin ya sa hannu a tuwo.

Hayaƙin walda. A 2017 cibiyar ta tabbatar cewa hayaƙin walda, ko sudur kamar yadda muke cewa, yana sa ciwon dajin huhu, ta kuma ce akwai alama game da ƙoda. Hayaƙin nan ƙurar ƙarfe ce mai laushi ƙwarai. Gilashin ido yana kare ido kaɗai, hayaƙin yana wucewa ta ƙasa zuwa hanci. Ya fi muni idan ana walda cikin tanki ko ɗaki rufe, ko a kan ƙarfe mai fenti. Kuma kada a taɓa yin walda a kan ƙarfen da aka wanke da tirikulo bai bushe ba, don zafin yana maida tururinsa iska mai guba da ke iya kisa.

Kadmiyom. Wani ƙarfe ne da ake samu cikin wasu batura masu caji, da wasu kalolin fenti ja da rawaya, da wasu sandunan liƙa na maƙeran azurfa, da rufin wasu kusoshi, da kuma hayaƙin taba. Halinsa shi ne idan ya shiga jiki a ƙoda yake tarewa, kuma sai ya yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Masu sana'ar gwangwan da ke fasa batura da ƙona wayoyi don cire tagulla, da masu narka tarkacen ƙarfe su zuba tukwane, su ne a gaba. Ƴan uwanmu da suka yi wannan aiki a Akara sun san filin Agbogbloshie, inda baƙin hayaƙi ya yi shekaru yana tashi kafin a rushe wurin a 2021.

Arsenik. Guba ce da ke cikin wasu duwatsu masu zinariya, da wasu tsofaffin magungunan katako da na ƙwari. An tabbatar tana sa ciwon dajin fata da huhu da mafitsara, ana kuma zarginta a kan ƙoda.

PFOA. Sinadari ne da aka daɗe ana amfani da shi a masana'antun da ke yin rufin tukunyar da abinci ba ya kamawa da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa. A garin Parkersburg na Amurka, inda kamfanin DuPont ya yi shekaru yana aiki da shi, kwamitin masana ya sami alaƙa tsakaninsa da ciwon dajin ƙoda a 2012, sannan a Nuwamban 2023 cibiyar CIRC ta sa shi cikin abubuwan da ke sa ciwon daji. Wannan ya fi shafar ƴan uwa masu aiki a masana'antun ƙasashen waje.

Aikin ɗab'i. Masu buga takardu da alluna da riguna suna cikin jerin zargi su ma, saboda tawada da ruwan wanke inji da suke wuni suna shaƙa, galibi cikin ƙaramin shago.

Manoma da masu haƙar ma'adinai

Maganin ƙwari da na ciyawa iri-iri ne, kuma binciken da aka yi a kansu bai zo da amsa ɗaya ba. Wani babban bincike a jihohin Iowa da North Carolina na Amurka, wanda ya bi manoma masu feshi fiye da 50,000 na tsawon shekaru, ya ga ƙarin ciwon dajin ƙoda a cikin waɗanda suka fi yawan amfani da wasu magunguna, har da atrazine da paraquat. Wannan alama ce, ba hukunci ba. Sai dai mu tuna, manoman can da tarakta da rigar kariya suke feshi. Namu mai lambun albasa ko tumatir yakan dama magani da hannu, ya goya famfo mai yoyo a baya, rigar ta jiƙe ta manne da fata, ya wuni a haka. Shi kuwa paraquat, ko ba maganar daji, ɗan kaɗan idan aka haɗiye yana kashe ƙoda da huhu cikin kwanaki.

Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, matasa da yawa daga kudu suka nufi daji. Zaibar da ake kama zinariya da ita, da dalmar da ke cikin wasu duwatsu, duka biyu suna lalata ƙoda, wannan ba shakka a ciki. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 ƙurar dutse mai dalma da aka riƙa niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Ba a tabbatar cewa zaiba ko dalma suna sa wa ɗan Adam ciwon dajin ƙoda ba, amma ƙodar da ta lalace ta fi lafiyayya saurin kamuwa.

Uraniyom, wanda ake haƙa a Arlit tun 1971, aka kuma haƙa a Akokan daga 1978 zuwa 2021, shi ma ƙarfe ne mai nauyi da ke taɓa ƙoda idan ƙurarsa ta shiga jiki. Ciwon dajin da aka tabbatar a kan masu aikin rami shi ne na huhu, saboda iskar radon. A Faransa, binciken da ya bi ma'aikatan ramin uraniyom fiye da 5,000 ya sami mutuwar ciwon dajin ƙoda ta fi yadda aka zata, amma bai ga tana ƙaruwa da yawan radon da mutum ya shaƙa ba. Tsohon ma'aikacin rami da ya dawo gida, ya dace ya faɗa wa likita aikin da ya yi da yawan shekarun, ko da ya daɗe da barin wurin.

Hanyar da sana'a ke bi ta bayan gida

Manyan abubuwa uku da suka fi kawo ciwon dajin ƙoda a duniya su ne shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini. Waɗannan sun fi duk sinadaran da muka lissafa yawan mutanen da suke kamawa, kuma sana'a tana da hannu a cikinsu. Direban babbar mota da ke kunna sigari ɗaya bayan ɗaya don kada barci ya ɗauke shi tsakanin Tawa da Agadas, mai gadin dare, ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba yana shan shayi mai sukari da lemun kwalba, ma'aikacin ofis da ba ya taka ƙasa sai zuwa mota, duk aikinsu ya ɗora su a wannan hanya. Namijin da ke shan taba haɗarinsa ya ɗara na wanda ba ya sha da kusan rabi. Wanda ya haɗa taba da hayaƙin walda ko tururin fetur, ya ɗora wa ƙodarsa kaya biyu. Abin farin ciki, wanda ya daina, haɗarin yana sauka a hankali cikin shekaru.

Sai masu aikin ƙarfi cikin rana: masu buga tubali, ƴan dako, masu haƙar rijiya. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, mutum ya yi ta zufa bai sha ruwa isasshe ba, da dare kuma ya sayi ƙwayar ciwon jiki wurin mai tebur ya haɗiye biyu ko uku. Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka mayar da su abincin kullum a jikin da ba ruwa, suna cin ƙoda a hankali. A Nikaraguwa da Salbado an ga yadda dubban masu yankan rake suka rasa ƙodojinsu suna da ƙuruciya, kuma zafi da ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da ake dangantawa da haka. Wannan mutuwar ƙoda ce, ba daji ba, amma wanda ƙodarsa ta mutu har ya daɗe a kan wankin ƙoda, haɗarin dajin ya ninku a kansa.

Yaya girman haɗarin yake?

Don kada lissafi ya ruɗe mu, ga misali. A ƙasa kamar Amurka, cikin maza 100, kimanin biyu ne za su kamu da ciwon dajin ƙoda a tsawon rayuwarsu. Idan aka ce wani sinadari ya ƙara haɗari da kashi 30 cikin 100, ba ana nufin mutum 30 za su kamu ba. Ana nufin biyun nan za su kusa zama uku. Ga mutum ɗaya abin ba shi da yawa, amma ga gidan da abin ya faɗa wa, shi ne duka.

Abubuwa uku ke sa haɗari ya hau: yawan abin da ke shiga jiki, yawan shekarun da aka yi, da rashin iska a wurin aiki. Kuma ciwon ba ya fitowa nan da nan. Yakan ɗauki shekara 10, 20 ko fiye. Yaron da ya fara wanke kayan inji yana ɗan shekara 12, in abin zai zo, sai ya zama magidanci. Shi ya sa da wuya mutum ya haɗa ciwon yau da aikin da ya bari tuntuni.

Alamomin da ba a yi wa jinkiri

A farkonsa ciwon dajin ƙoda ba ya ciwo, ba ya nuna komai. A ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, fiye da rabin masu shi ana gano su ne bisa katari, wajen neman wata cuta. Idan ya fara nuna kansa, ga abin da ake gani:

Jini a fitsari, ko da sau ɗaya, ko da ba zafi, ko da ya ɗauke da kansa.
Ciwo a kwiɓi ko baya gefe ɗaya, wanda ba ya tafiya.
Ƙullutu ko kumburi a gefen ciki.
Rama ba dalili, kasala, rashin jini, rashin son abinci.
Zazzaɓi mai zuwa yana komawa, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a ga komai ba.
Jijiyoyin maraina su kumbura farat ɗaya ga babban mutum.

Mu tsaya a kan ta farko, don a nan muke yawan yin asara. A ƙasarmu, jini a fitsari sunansa tsargiya, kuma sau da yawa hakan ne, musamman ga yara da masunta da manoman shinkafa na bakin kogin Kwara da masu lambu kusa da tabki irin na Madarunfa. Tsargiya tana da magani, praziquantel, kuma dole a sha shi, don ita kanta idan ta daɗe tana kawo ciwon dajin mafitsara. Amma mutumin da ya haura shekara 40 ya ga jini a fitsari, ko wanda ya sha maganin tsargiya jinin ya dawo, kada ya ce ai tun muna yara muke ganin wannan. Kada kuma ya ce zafin rana ne ko sanyin mara. Ruwa ba ya tsami banza. Haka nan matashi mai ɗauke da rabin jinin sikila, wato AS, idan ya ga jini a fitsari ya je a duba, don akwai wani nau'in dajin ƙoda da ba a cika gani ba wanda kusan su kaɗai yake kamawa.

Idan an je asibiti

A fara da CSI mafi kusa, a yi gwajin fitsari da awon tansiyo. Idan jinin bai da bayani, a nemi takardar zuwa babban asibiti don hoton ekografi. Hoton nan ba ya ciwo, ba allura, kuma yana nuna ƙari a ƙoda. Idan an ga wani abu, sai a yi sikana don sanin girmansa da inda ya kai. Likitocin mafitsara da ƙoda suna manyan asibitoci, kamar asibitin ƙasa na Lamorde a Yamai da asibitin ƙasa na Damagaram, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji.

Babban maganinsa tiyata ce: a yanke ƙarin da ɗan abin da ke kewaye da shi, ko a cire ƙodar gaba ɗaya. Kada wannan ya firgita kowa. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya lafiyayya, ya yi noma, ya yi aure, ya haihu. A Amurka, cikin waɗanda aka gano ciwon bai fita daga ƙoda ba, fiye da tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Cikin waɗanda ya riga ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, ba su wuce biyu cikin goma ba, kuma magungunan wannan mataki suna da tsada ƙwarai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafi biyu, sau da yawa watannin da aka yi ne ana jiƙe-jiƙe a gida.

Kafin ka shiga wurin likita, ka tsara amsar nan a ranka: ayyukan da ka yi tun kana yaro, shekara nawa a kowane, da abin da kake taɓawa ko shaƙa. Ko bai tambaya ba, ka faɗa.

Kariyar da ba ta fi ƙarfinmu ba

A daina wanke hannu da fetur ko gazuwal ko ruwan tsinka fenti. A shafa ɗan man gyaɗa ya narkar da baƙin mai, sannan a wanke da sabulu da garin katako ko toka.
A daina zuƙo mai da baki. A yi amfani da ƙaramin famfon roba na hannu.
A wanke kayan inji da buroshi, a waje, kwanon kuma a rufe shi idan an gama.
Mai walda ya tsaya ta inda iska za ta kwashe hayaƙi daga fuskarsa, ya kankare fenti kafin ya fara.
A sani cewa takunkumin ƙyalle da rawani suna rage ƙura ne kawai, ba sa tare tururin sinadari. Wannan sai takunkumi mai gwangwanin gawayi. Siririyar safar hannu ta asibiti ita ma fetur yana ratsa ta.
Mai feshi ya sa doguwar riga da wando da takalmin roba, ya yi da sassafe ko yamma, iska na bayansa, ya yi wanka da sabulu da ya gama. Bidon magani ba ya komawa na ruwan sha, ko an wanke shi sau goma.
Kada a ci, ko a sha shayi, ko a ci goro da hannun aiki.
Tufafin aiki su tsaya wurin aiki, ko a wanke su daban. Uwargida mai wanki da yaron da ke hawa cinya suna samun rabonsu daga rigar da ta sha magani.
Kada a niƙa dutsen zinariya ko a ƙona zaiba cikin gida.
A sha ruwa har fitsari ya yi fari-fari, a huta a inuwa idan rana ta take.
A auna tansiyo ko sau ɗaya a shekara. Idan ta kai 14 bisa 9 ana maimaitawa, a bi magani, kada a tsaya don an ji sauƙi.

Iyayen gida masu gareji da shagon walda, yaran da aka kawo muku koyon sana'a amana ce. Abin da kuka nuna musu a shekarar farko, shi za su yi har tsufa, su kuma koya wa na bayansu.

Haƙƙin ma'aikaci, da saƙo ga na waje

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu a wurin aiki, kuma asusun CNSS ne ke kula da haɗarin aiki da cututtukan sana'a ga waɗanda aka yi wa rajista. Wanda ke aiki a kamfani ya tabbatar an rubuta shi, ya adana takardun albashi da na gwajin likita, don ciwon da ke zuwa bayan shekara 20 takarda ce kaɗai ke tuna masa da wurin da ya fito. Idan an hana kayan kariya, ofishin sufetan aiki na jiha shi ne wurin kai kuka.

Ku kuma ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Najeriya, Gana, Kodebuwa, Turai da Amurka, mun san baƙo shi ake ba aikin da ɗan gari ya ƙi: wankin tanki, fenti cikin ɗaki rufe, fasa tarkace, feshi a gonakin leda. Ku ɗauki hoton takardar da ke jikin gwangwanin da kuke aiki da shi, ku ajiye a waya. Inda akwai likitan ma'aikata, ku je, haƙƙinku ne. Idan za ku yi aike gida, ku tuna da ƙanen da ke gareji: takunkumi mai gawayi da safar hannu mai kauri suna shiga jaka ɗaya da turmin atamfa. Idan kuma Baba ya ce muku a waya ya ga ɗan jini a fitsari amma ya wuce, kada ku ce Allah ya ƙara sauƙi ku kashe waya. Ku aiko kuɗin mota da na ekografi, ku sa wani ya raka shi, ku sake kira ku ji abin da hoton ya nuna.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu.